Maƙeran Kukan Dodo

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a fim ɗin ban tsoro maganar ba ta cika tsayuwa ba. Mai shakka ya kunna fim ɗin da ya fi razana shi, ya kashe sautin, ya zuba ido. Matar da ke sanɗa a duhu za ta koma mace kawai tana hawa bene, dodon da ya hana shi barci kuwa zai fito da asalinsa, roba da fenti. Da ya mayar da sautin, tun kafin a nuna komai tsigar jikinsa za ta tashi: katako ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ƙyaure ya yi kuka a can bayan gida, wani abu yana numfashi inda bai kamata ba. Tsoron ta kunne yake shiga. Akwai kuma mutanen da sana'arsu ke nan, su ƙera abin da kunnen zai ji, kuma a ganina suna cikin gwanayen da aka fi tauye wa haƙƙin yabo a harkar fim.

Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, a manyan fina-finai, kusan duk ƙarar da ake ji ban da magana ba a wurin ɗaukar fim aka naɗe ta ba. A wurin ɗauka makirufo bakin jarumi yake bi. Takun ƙafa, shafar riga, ajiye kofi, zare wuƙa daga kube, duk ko dai ba su shiga ba, ko sun shiga a raunane. Wani lokacin ma abin da ido ke gani ƙarya ne: takobin na roba ne, daɓen da ya yi kama da dutse katako ne aka shafa wa launi. Saboda haka bayan an gama haɗa hoto, sai a kai shi wani ɗaki na musamman a sake yi masa sauti daga farko.

Wanda ya kafa wannan aiki shi ne Jack Foley, ma'aikacin kamfanin Universal a Amurka, kuma da sunansa ake kiran sana'ar har yau. Lokacin da fim mai magana ya shigo a 1927, kamfanoni suka rikice, kowa na neman yadda zai cusa sauti a abin da ya riga ya ɗauka shiru. Foley na cikin waɗanda suka yi wa fim ɗin Show Boat na 1929 wannan aiki: ana haska hoton a bango, su kuma suna binsa da tafi da taku da duk abin da ake buƙata. Daga nan ya shafe shekaru fiye da 30 yana tafiya a madadin taurari. An ba da labarin cewa a fim ɗin Spartacus na 1960, da sautin rundunar Rumawa mai tafiya cikin sulke ya ƙi fitowa yadda ake so, tarin makullai ya ɗauko ya riƙa kaɗawa daidai da takunsu, aka huta da sake tara dubban mutane. Ya rasu a 1967.

Ɗakin wannan aiki, in ka shiga, sai ka ɗauka ma'ajiyar 'yan gwangwan ce. A ƙasa akwai ramuka jere, wannan yashi, wannan tsakuwa, wannan busasshen ganye, ga daɓen siminti, ga katako, ga kwatamin ruwa. A bango takalma ne iri-iri, tsofaffin ƙyamare, sarƙoƙi, kujeru masu kuka, ƙyallaye. Gwanin zai tsaya a gaban allo, a haska masa jarumi yana tafiya, shi kuma ya taka a wuri ɗaya, ba ya gaba ba ya baya, ƙafarsa na sauka daidai lokacin da ta jarumin ta sauka. Fim hoto 24 yake gudu a kowace daƙiƙa, kuma in taku ya makara da 'yan hotuna kaɗan, ɗan kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba.

Daidaita lokaci shi ne ƙaramin ɓangaren. Babban shi ne cewa taku yana da hali. Takun mai gudun ceton rai daban, na wanda ya dawo daga jana'iza daban, na ɓarawon da ke lallaɓawa daban. Mai jin tsoro yakan ɗora yatsun ƙafa kafin diddige, yakan tsaya ba zato, yakan ja ƙafa ɗaya. Gwanin sauti dole ya karanta wannan a kafaɗar jarumin da ƙugunsa, domin sau da yawa ƙafar ma ba ta cikin hoton. Wasan kwaikwayo ne sosai, da ƙafa ake yinsa. Bayan taku sai a sake dawowa da hoton a yi motsin tufafi, a sake dawowa a yi kayan hannu. Ɓawon kwakwa shi ne kofaton doki. Garin sitaci a cikin 'yar jakar fata shi ne tafiya a kan dusar ƙanƙara. Safar hannu in aka kaɗa ta, tsuntsu ya tashi. Karyewar ƙashi kuwa daga kayan lambu take fitowa, karas da seleri, kai kuma in za a fasa shi kabeji ko kankana ake nema.

Me ya sa ba a naɗar ainihin abin? Domin ainihin abin sau da yawa bai yi kama da kansa ba a lasifika. Naushi na gaske ƙaramar ƙara yake yi, wadda ba ta kai yadda zuciya ke jin zafinsa ba. Gwanin ba gaskiyar abu yake nema ba, yana neman ƙarar da ɗan kallo zai yarda da ita. Alfred Hitchcock ya san haka. A fim ɗinsa Psycho na 1960, a sanannen wurin kisan banɗaki, kusan ba a nuna wuƙa tana shiga jiki ba. Abin da ake ji wuƙa ce tana shiga wani ɗan'uwan kankana da ake kira kasaba, wanda Hitchcock ya zaɓa da kunne bayan an sossoke masa iri-iri. Haɗe da kukan gogen mai kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, mutane suka fita daga silima suna rantsuwa sun ga abin da ba a nuna musu ba. Haka a The Exorcist na 1973, lokacin da kan yarinyar da shaiɗan ya shiga ya juya baya, ƙarar wuyanta daga tsohon walat na fata ta fito, wanda wani ɗan Meziko, Gonzalo Gavira, ya riƙa murɗawa a gaban makirufo.

Inda abin ya fi burge ni shi ne idan za a yi wa abin da babu shi a duniya murya. Takun mutum kowa ya san shi, akwai abin gwadawa. Amma yaya kukan dodon da ya fito daga teku ya fi bene tsawo? A 1954 kamfanin Toho na Japan ya fuskanci wannan tambaya a fim ɗin Godzilla. An gwada kukan namun daji, bai yi ba, domin kunne na gane su nan take, kuma abin da ka gane ba ya firgita ka sosai. Sai mai kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, ya kawo dabara: aka sassauta tsirkiyar ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, aka shafa wa safar hannu ta fata ƙaro, aka ja ta a kan tsirkiyar, sannan aka rage gudun abin da aka naɗa. Abin da ya fito kuka ne mai gurzar ƙarfe a farko da amo mai zurfi a ƙarshe, ba na dabba ba, ba na inji ba. Shekaru 70 ke nan da wani abu, duk sabon Godzilla da aka yi daga wannan kukan yake ɗebo.

Rage gudun nan shi ne babban sirrin sana'ar. In ka rage gudun sauti, muryarsa na yin ƙasa ta yi kauri, kunnen ɗan Adam kuma ya saba cewa mai kaurin murya babba ne. Da wannan mai tsara sauti Gary Rydstrom ya yi aiki a Jurassic Park na 1993. Rurin babban ƙadangaren da ya girgiza duniya, ginshiƙinsa kukan jaririn giwa ne, aka ɗora masa gurnanin damisar Asiya da na kada. Inda dabbar ke wujijjiga abin da ta kama kuwa, ɗan ƙaramin karen Rydstrom ne yana wasa da igiya. Ka ga ke nan aikin ba tara ƙara ba ne kawai, jera ta ne hawa-hawa: wannan ya ba da kaifi, wannan ya ba da nauyi, wannan ya ba da jiƙar maƙogwaro, har su narke su zama halitta ɗaya.

Ben Burtt shi ne wanda masu wannan aiki suka fi ambata. Yana ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, yana aikin haska majigi, aka ba shi neman sautukan Star Wars na 1977. A lokacin fina-finan almarar kimiyya da ƙarar na'urorin lantarki suka dogara, irin mai tsabta da sanyi. Burtt ya ɗauki rakoda ya shiga duniya. Ƙarar takobin haske na fim ɗin daga abu biyu ya haɗa ta: gunjin injin tsohuwar majigi, da zizar da makirufonsa ya kwaso lokacin da ya gifta ta bayan wani talabijin. Wannan ya ba shi takobin a tsaye. To, yaya za a yi ya yi ƙara in an wulwula shi? Sai ya saki gunjin ta lasifika, ya ɗauki makirufo ya riƙa kai sara da shi a gaban lasifikar yana bin motsin jarumin. Kamar yadda ƙarar babur ke tashi in yana tunkaro ka, ta faɗi in ya wuce, haka gunjin ya riƙa tashi yana faɗuwa. Harbin bindigogin fim ɗin guduma ce ya buga a wayar ƙarfen da ke ɗaure da dogon turken rediyo. Numfashin mugun fim ɗin, Darth Vader, kuwa Burtt ne da kansa, yana shaƙa ta na'urar iska ta masu nutso a teku. An ba shi Oscar na musamman a kan wannan aiki.

Talabijin ma yana da nasa. A Ingila, lokacin da BBC ta fara Doctor Who a 1963, Brian Hodgson ya ja makullin ƙofa a kan tsirkiyoyin wani tsohon piyano, ya sarrafa tef ɗin, ya samar da ƙarar tashin jirgin da ke keta zamani. Har yanzu da ita ake amfani.

Duk waɗannan mutane abu ɗaya ya haɗa su, wato kunnen da ke iya raba ƙara da mai ita. Ni da kai in mun ji walat, walat muka ji. Gavira ya ji wuya yana murɗewa. Wannan ba na'ura ke ba da shi ba, kuma shi ya sa nake ganin rashin kuɗi ba cikakken uzuri ba ne ga masu fim ɗinmu na Kannywood, inda sau da yawa in an zo wurin aljani ko maita, ƙara ɗaya ce da aka sauke daga intanet ake ta maimaitawa, kiɗa kuma ya danne komai. Mutanen da suka tashi da wasan kwaikwayo na rediyo, suka tashi da tatsuniyar da kaka ke kumbura murya in Dodo zai yi magana, ba baƙin tsoron kunne ba ne. Kukan tsohon ƙyauren langa-langa, amon rijiya mai zurfi, iskar hunturu a jikin zana, gurzar dutsen niƙa in aka rage mata gudu: ga kayan aiki nan zube, ba wanda ya riga mu naɗarsu, kuma ɗan kallon Kano ko Damagaram zai ji su a jikinsa fiye da ƙarar da aka ƙera don wani gida a Amurka.

Wani ɓangaren gwanintar shi ne sanin inda za a janye hannu. A Quiet Place na 2018 labarin iyali ne da ke zaune cikin halittun da ke farauta da ji, don haka ba takalmi suke tafiya, a kan yashin da suka shimfiɗa a hanya, suna magana da hannu. Erik Aadahl da Ethan Van der Ryn, waɗanda suka tsara sautin, sun rage komai har takun ƙafa a yashi ya zama babban abu, faɗuwar fitila ɗaya kuma ta zama bala'i. 'Yar gidan kurma ce, kuma Millicent Simmonds da ta fito a matsayinta ita ma kurma ce a zahiri. Duk lokacin da kyamara ta koma gare ta, sai sautin duniya ya ɗauke, ɗan kallo ya shiga cikin kunnenta. Akwai wurin da halittar ke tsaye a bayanta a gonar masara, mu muna gani, ita ba ta ji, mu ma an hana mu ji. Ƙyas-ƙyas ɗin da halittar ke yi in tana laluben abin farauta kuwa, masu tsara sautin sun same shi ne da suka ɗana wa 'ya'yan inabi na'urar nan mai jan mutum da lantarki, suka rage gudun abin da suka naɗa.