Jera Yankunan Jimla a Jarrabawar Ingilishi ta Ƙasar Indiya: Me Ake Aunawa?

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi nazarin wata irin tambaya da ta zama ruwan dare a jarrabawar neman aikin gwamnati a ƙasar Indiya, tare da littattafan da ake bugawa don horar da masu shiga wannan jarrabawa. Yadda ake yi shi ne a ɗauki jimlar Ingilishi guda a datsa ta gida huɗu, a laƙaba wa yankunan haruffan P, Q, R da S, a hautsina su, sa'an nan a ce wa ɗalibi ya mayar da kowanne mazauninsa. Wani lokaci kuwa sakin layi ne mai jimla shida, a bar ta farko da ta ƙarshe a inda suke, a hargitsa huɗun tsakiya. Akan ci karo da ita a jarrabawar hukumar ɗaukar ma'aikata ta SSC, wadda aka kafa a 1975, da jarrabawar shiga makarantun hafsoshin soja da hukumar UPSC ke shiryawa, da kuma ta ɗaukar ma'aikatan banki.

Ya kamata mu fara da sanin cewa ba a Indiya aka haifi wannan tambaya ba, kuma asali ba don auna harshe aka ƙago ta ba. A ma'aunin kaifin basirar yara da Alfred Binet da Theodore Simon suka fitar a Faransa a 1908 akwai wurin da ake ba yaro kalmomi a hargitse ya tada jimla da su. Haka kuma jarrabawar da sojan Amurka suka yi wa sababbin kuratansu a 1917 da 1918 tana da sashe na jimloli hargitsattsu. Abin lura a nan shi ne, wanda bai iya karanta Ingilishi ba ba a ba shi wannan takarda, wata dabam ake ba shi mai hotuna da alamomi. Ke nan su kansu waɗanda suka shirya ta sun ɗauka cewa harshen yana hannun mai amsawa tun tuni, saurin fahimtarsa kawai suke nema. Sai ga shi an ari ma'aunin, an ɗora wa ɗan Bihar ko ɗan Tamil Nadu wanda a makaranta ya tsinci Ingilishi, aka ce da shi za a gane zurfin harshensa.

Dalilin karɓuwarta a Indiya ba ɓoyayye ba ne. Tun 1855 Turawan Ingila suka mai da shiga aikin mulkin Indiya ta hanyar gasar jarrabawa, al'adar kuwa ta zauna har bayan samun mulkin kai a 1947. Idan miliyoyin mutane suka nemi guraben da ba su wuce dubbai ba, dole a nemi tambayar da na'ura za ta iya dubawa, wadda ba a gardama a kan makinta.

Ba kuma za mu ƙi ba ta haƙƙinta ba. Ingilishi harshe ne da ya dogara ƙwarai kan jerin kalmomi wajen bambanta aikau da karɓau, alhali a Hindi aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kalmomin da ke nuna wuri ko dangantaka kuma bayan suna suke biyowa. Saboda haka mai Hindi yana da abin koyo na gaske a nan. Nau'in sakin layi ma ya fi wannan ƙarfi, domin yana tilasta wa ɗalibi ya bi zaren da ke ɗinke jimloli, watau wakilan suna da mahaɗai da maimaita kalma, irin abubuwan da Halliday da Hasan suka yi bayaninsu a littafinsu na 1976 kan haɗuwar zance a Ingilishi.

To amma mu duba wannan misali da na shirya a kan tsarin waɗancan littattafai:

P: the clerk
Q: after the rain stopped
R: carried the files
S: to the office

Wanda ya jera PRSQ ya yi daidai. Wanda ya jera QPRS shi ma bai yi kuskure ba. Har PQRS za ta zauna idan aka sa waƙafi biyu, su kuwa masu shirya tambaya sukan kwashe waƙafi da manyan haruffa don kada su tona amsa. Jimla uku ke nan, duk ingantattu a nahawu, bambancinsu yana ga abin da mai magana ya ga dama ya gabatar. A Hausa wannan bambanci a fili yake: muna cewa "sun tafi jiya", amma in muka jawo lokacin gaba don ƙarfafawa sai mu ce "jiya ne suka tafi", lamirin ya sake kama. Ingilishi ba ya sauya siffar aikatau don an gabatar da bayanau, saboda haka babu wata alama a jikin yankunan da za ta ce ga jerin da ake so. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya canki jimlar da mai tambaya ya kwafo daga jarida ko littafi. Marubutan littattafan horo sun san da wannan rami, amma maimakon su nuna shi, sai su buga amsa guda a bayan littafi, su bi ta da bayani na layi ɗaya mai cewa ita ce ta fi ma'ana. Wannan, a ganina, shi ne babban laifinsu, domin suna koya wa ɗalibi cewa kowane tunani hanya ɗaya tak yake da ita ta fita.

Sai kuma batun lissafi. Yanki huɗu ana iya jera su hanya 24, amma takardar tambaya huɗu kawai take kawowa. Da zarar ɗalibi ya gane cewa yanki kaza ba ya buɗe jimla, sau da yawa biyu sun faɗi. Kan wannan aka gina dabarun da suka cika littattafan: suna yakan riga wakilinsa, "a" takan riga "the", cikakken suna yakan riga taƙaitaccensa, nemi yanki biyu da ba sa rabuwa ka duba zaɓin da ya ajiye su tare. Na taɓa cire sunaye da aikatau daga irin wannan tambaya na zuba kalmomin banza waɗanda ba su cikin kowane ƙamus, na ba ɗalibaina, da yawansu kuwa suka samo amsar. Sun yi murna, ni ban yi ba. Rage maki da hukumomin ke yi a kan amsar kuskure yana tsorata mai canke, amma bai taɓa mai dabara ba. Jarrabawar CAT ta shiga manyan makarantun koyon sarrafa kasuwanci ta cire zaɓin daga irin wannan tambaya tun 2015, ɗalibi da kansa yake rubuta jerin; wannan ya toshe ƙofar dabarar zubar da zaɓi, ya bar ta amsa biyu a buɗe.

Abin da ya sa na kawo wannan batu gaban wannan taro shi ne, ta hanyar intanet waɗannan tambayoyi suna iso mana kyauta, malamin da aiki ya yi wa yawa kuwa ba ya ƙin abin da ya zo da amsarsa a shirye. Sai dai ciwon mai Hindi ba shi ne na Bahaushe ba. Hausa, kamar Ingilishi, aikau take gabatarwa, aikatau ya biyo, sa'an nan karɓau. Inda ɗalibanmu ke tuntuɓe shi ne zaɓen "a" ko "the", da lokutan aikatau, da ƙananan kalmomi irin su "in" da "on" da "at" waɗanda "a" ɗinmu guda takan wadatar a madadinsu. Duk waɗannan suna cikin yankunan ne, mai tambaya ya riga ya gyara su kafin ya datsa. Ɗalibi zai iya amsa tambaya ɗari bai rubuta kalmar Ingilishi ko ɗaya da hannunsa ba.

Malamin da ya ga lalle sai ya yi amfani da su, shawarata ita ce ya shafe zaɓin huɗun, ya nemi ɗalibi ya kawo duk jerin da zai yiwu, ya rubuta kowanne cikakke da waƙafinsa, ya kuma faɗi irin tambayar da kowace jimla za ta zama amsarta. QPRS amsa ce ga wanda ya tambayi abin da ya faru bayan ruwa ya ɗauke, PRSQ kuwa ga wanda ya tambayi lokacin da akawun ya kai takardun.