Mafarautan Masu Shan Jini a Finafinan Zane na Japan

Labarin mataccen da ke fitowa daga kabari da dare yana tsotse jinin mutane ba na Japan ba ne tun asali. Daga Turai ya fito, kuma littafin Dracula na Bram Stoker, wanda aka buga a 1897, shi ya kafa masa ƙa'idojin da aka sani: mai shan jini ba ya tsufa, ƙarfinsa da dare yake, kuma wanda ya ciza yakan koma irinsa. A can mafarauci cikakken ɗan'adam ne, kamar Van Helsing, mai dogaro da ilimi da addini. Da labarin ya shiga hannun marubutan Japan, sai suka sauya masa ginshiƙi. Mafaraucinsu jininsa ɗaya da abin da yake farauta, kuma a kan wannan sarƙaƙiya salon ya ginu.

Tushen salon shi ne jerin littattafan Vampire Hunter D na Hideyuki Kikuchi, wanda na farkonsu ya fito a 1983 da zanen Yoshitaka Amano. An kafa labarin a shekara ta 12,090, bayan yaƙin nukiliya ya ragargaza duniya, masu shan jini sun zama sarakuna, sauran mutane sun koma talakawansu a ƙauyuka. Jarumin, D, ruwa biyu ne: uba mai shan jini, uwa 'yar'adam. Yana yawo a kan doki rabi dabba rabi inji, da faffaɗar malafa da dogon takobi. A tafin hannunsa na hagu akwai wata fuska mai baki, mai surutu da tsokana, wadda ke faɗin abin da shi D ya gwammace ya haɗiye.

A 1985 Toyoo Ashida ya mayar da littafin farko fim. Wata budurwa, Doris Lang, ta ɗauki D haya bayan wani tsohon basarake, Magnus Lee, ya cije ta. Zanen bai cika laushi ba, jini kuwa ya kwarara, amma fim ɗin ya samu karɓuwa a wajen Japan, musamman a kasuwar kaset ta Amurka, inda ya nuna cewa ba duk katun ne na yara ba.

Salon ya nuna sosai a 2000 da Vampire Hunter D: Bloodlust, wanda Yoshiaki Kawajiri ya shirya a kamfanin Madhouse daga littafi na uku. Wani attajiri ya biya D ya dawo masa da 'yarsa Charlotte, wadda aka ce wani mai shan jini, Meier Link, ya sace. A hanya ta bayyana cewa yarinyar da son ranta ta bi shi. A kan wata gada Meier ya fito cikin rana, jikinsa na ƙonewa, don ya isa gare ta. Daga nan mai kallo ya rasa wanda zai kira mugu.

Wani fage a fim ɗin ya ƙara fito da matsayin jarumin. D ya shiga wani gari sayen doki, jami'in tsaron garin ya zo korarsa saboda jininsa. Tsohon da ke sayar da dokin ya ɗaga bindiga ya tare masa, ya tuna cewa shekaru da dama da suka wuce wani mafarauci ruwa biyu ya ceto yaran garin, shi ma yana cikinsu, amma sakayyar da aka yi masa ita ce kora. Yaron ya tsufa tukuf, D kuwa yana nan yadda yake. Ana nemansa ranar tsoro, ana ƙyamarsa da gari ya waye.

A shekarar 2000 ɗin ce kuma kamfanin Production I.G ya fitar da Blood: The Last Vampire na Hiroyuki Kitakubo, gajeren fim da bai kai awa ɗaya ba. An kafa shi a 1966 a sansanin sojan saman Amurka na Yokota, lokacin yaƙin Biyetnam. Saya, yarinya cikin kayan makaranta riƙe da takobi, tana farautar dodanni masu ɓuya cikin siffar mutane. Bayan ta sare na ƙarshe a filin jirgi, sai ta ɗiga masa jininta a baki yana gargarar mutuwa. Wani tsohon hoto na 1892 ya nuna cewa ita ma ba mutum ba ce. Jiragen da ke tashi zuwa fagen daga kuwa na nuni da cewa zubar da jini ba aikin dodanni kaɗai ba ne.

Salon na da rauninsa. Jarumi marar magana kuma marar kayuwa yakan rage fargabar mai kallo, mata da yawa ana sa su ne don a cece su, wani lokaci kuma ƙawar zane takan danne labari. Duk da haka tsarin ya ɗore. Hellsing na Kouta Hirano, wanda aka mayar shirin talabijin a 2001, ya sa mai shan jini Alucard yana yi wa wata ƙungiyar Ingila farautar 'yan'uwansa, sannan Blood+ ya faɗaɗa labarin Saya a 2005.