Kunnen Injiniya

A ɗakunan ɗaukar waƙa irin na Zoo Road a Kano, babu abin da ke ɓata wa mutane rai kamar a gama ɗauka a kunna a ji sautin ya gurɓace. Mawaƙi ya kwana yana tsara baiti, ya zuba shi da duk ƙarfinsa, sai ya ji muryarsa tana tsagewa kamar a tsohuwar rediyo, ko wani ƙyas-ƙyas na bin ta kamar ana taka busasshen ganye. Nan take kowa zai ce, "Saun kad ɗin nan ya mutu." Ana nufin ɗan akwatin da ke haɗa makirifo da laftof ta USB, irin Focusrite Scarlett mai jan jiki da ake yawan gani. Galibi kuma akwatin lafiyarsa lau.

Na taɓa zama ina kallon wani injiniya yana neman mai laifin na gaskiya, kuma tun ranar nake girmama sana'ar. Yaronsa ya kai hannu zai fara zare wayoyi, ya ce masa, "Kai, dakata tukuna." Ya sa hedifon, ya lumshe ido, ya saurara kusan minti biyu bai taɓa komai ba. Daga baya na gane dalili: kowace cuta da irin kukanta.

Idan sautin yana tsagewa ne kawai a inda mawaƙi ya ɗaga murya, to an cika gen. Na'urar dijital tana da rufi, wato 0 dB, duk abin da ya wuce shi sai a sare masa kai. Zoben fitilar da ke kewaye da maɓallin gen na Scarlett yana faɗa da kansa: kore lafiya, ruwan lemo a yi hattara, ja an riga an yi ɓarna. Gwani yakan sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ya saita gen ɗin ya tsaya wajen -12, ya bar sarari. Sababbin shiga ne ke ganin ƙarfin sauti shi ne kyau. Murya mai rauni ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda aka sare wa kai sai dai mawaƙi ya koma ɗaki.

Ƙyas-ƙyas ɗin da ba ruwansa da ƙarfin murya kuwa, wanda ke zuwa ko ana kiɗa a hankali, maganar bafa ce, kuma a nan ƙwarewar take. Laftof ba ta zuba wa saun kad sauti kamar famfo. Awo take yi masa, mudu bayan mudu. Idan an saita mudun a 128, kuma ana aiki da samfur 48,000 a daƙiƙa, to kwamfutar ba ta da ko kashi uku cikin dubu na daƙiƙa kafin ta cika na gaba. Ta makara sau ɗaya, sai a sami giɓi, giɓin nan shi ne ƙyas ɗin da kunne ke ji. A ɗaga bafa zuwa 512 ko 1024, sai ya ɗauke. To me ya hana a bar shi a can? Mawaƙi zai riƙa jin muryarsa tana iso masa a makare, ya rikice ya saki kiɗa. Shi ya sa injiniya ke rage bafa lokacin ɗauka, ya ƙara shi lokacin haɗa sauti da aka jibga filogin da yawa, ko ya danna maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye daga akwatin ba tare da ta bi ta kwamfuta ba.

Daga nan injiniyan ya leƙa direba, wato manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta. A Windows, hanyar da ta fi sauri ita ce ASIO, wadda kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, suka ƙirƙiro. Mutane da yawa suna barin FL Studio a kan ASIO4ALL alhali akwatinsu yana da direbansa na asali, su kuma yi ta mamaki. Ya duba ko Windows tana kan 48,000 manhajar kuma tana kan 44,100, domin wannan saɓani kaɗai ya isa ya kawo matsala. Aikin fim 48,000 yake so, 44,100 kuwa gadon faifan CD ne.

Cutar da ta fi burge ni ita ce ta gunji, wannan "huuum" mai kauri da ke kwance ƙarƙashin komai. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce ke kutsowa cikin sautin. Gwajinta ba ya cin ko sisi: a zare cajar laftof. Idan gunjin ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, to an kama ɓarawo. Ko dai cajar ce ta bogi, ko kuma lasifika da laftof suna soket daban-daban, wutar ta sami zagaye tana yawo ta cikin wayoyin sauti. Magani shi ne a tara su a kan ekistenshan ɗaya, a yi amfani da wayoyin XLR ko TRS. Wasu sukan karya ƙafar ƙasa ta filogi su ce sun gyara. Gunjin kan tafi, amma ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe, leɓen mawaƙi ne a kan makirifo. Injiniyan kirki ba ya yin haka.

Akwai kuma abubuwan da ƙasar nan ke ƙarawa. Ƙurar hunturu takan shiga maɓalli, ya riƙa ƙarce-ƙarce duk lokacin da aka murɗa shi. Zafin Afrilu yakan sa laftof ta rage gudunta don kada ta ƙone, sai bafan da ya ishe ta da safe ya gaza da azahar. Wani gunjin ma sai an ɗauke wuta an tayar da janareta yake bayyana.

A ranar da nake ba ku labari, duk waɗannan ba su ne ba. Mutumin yana canza abu ɗaya, ya saurara, ya mayar da shi yadda yake, sannan ya matsa zuwa na gaba. Bai taɓa canza biyu a tare ba. Ya kashe Wi-Fi, ƙyas ɗin yana nan. Sai ya bi wayar USB da hannu har bayan tebur, ya tarar an soka ta a wani ɗan hob mai baki huɗu, tare da kibod, da maus, da wayar wani da ake caji. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, ga makirifo kuma yana jan 48V ɗinsa daga akwatin. Ya zare ta, ya soka a jikin laftof kai tsaye, ya kunna. Tas.

Mawaƙin, wanda tun ɗazu yake lissafin kuɗin sabon saun kad, ya ce, "Oga, shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shiga mu ɗauka." Ya juya ga yaronsa. "Kai kuma, wayar wa ce wannan?"