Gadar Lekki a Bangon Falonmu

Wani hoto ya fara samun wuri a falukan 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba: gadar Lekki zuwa Ikoyi da dare, cikin firam da gilashi.

Maganar gaskiya, hoton ya yi kyau. Gadar, wadda Gwamna Fashola ya buɗe a 2013, tana rataye da igiyoyin ƙarfe a jikin dogon ginshiƙi guda, fitilu na haska ta, ruwa na maido da hasken. Mai ɗaukar hoton yakan kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya bar idonta buɗe na wasu daƙiƙoƙi, sai fitilun motoci su zama zare ja da fari.

To amma dabarar nan share mutane take yi. Mai tafiya a gefen gadar ba ya tsayawa, shi ya sa ba ya fitowa. Wasunmu abin da ya ja su ke nan, tunda ba sa rataye hoton mai rai, kuma mun fahimce su. Sai dai abin da ya rage Legas ce wadda ba maigadi, ba mai shayi, ba ɗan okada, wanda dama tun 2022 aka hana shi aiki a yankin. Yaran da muka haifa a nan za su tashi suna zaton gari mai kyau shi ne wanda ba ma ciki.

Matasanmu masu kyamara, ga gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi bayan Magariba, ita ma da fitilunta. Ku ɗauko mana ita, ko da inuwar 'yan dako ce kawai ta fito.