Mudun awon basira: na'urar shaɗaranji da darasin ƴan dara

Masu wasan shaɗaranji, wato darar nan mai gida 64 da Faransawa ke kira eshek, sun kasa taku kashi biyu. Akwai takun ci, wanda amfaninsa ke bayyana nan take: a kame doki, a rutsa sarki. Akwai kuma takun shimfiɗa, wanda ba ya cin kome, sai dai ya toshe hanya, ya gyara zaman sojoji, ya tanadi ribar da ba za ta fito ba sai can gaba. An daɗe da yarda cewa kwamfuta ta fi ɗan Adam a na farko, domin lissafi ne zalla. Gardama tana kan na biyu: shin na'ura tana da hangen nesa? Kuma da wane mudu za a auna shi?

Masana sun amsa da jarrabawa. A 1982 Ivan Bratko da Danny Kopec suka tsara matsayi 24 na wasa, rabi na ci, rabi na tura soja don buɗe fage. Kowane matsayi da amsarsa a ajiye. A ƙarshen shekarun 2000 kuma, Dann Corbit da Swaminathan Natarajan suka fara fito da jarrabawar STS, wadda ta kai matsayi 1500 cikin babi 15, kowane babi a kan dabara guda. Mafificin taku yana da maki 10, masu bi masa suna samun ƙasa da haka.

Aikin ya cancanci yabo. Ya fitar da magana daga "ni dai a ganina" zuwa abin da kowa zai iya maimaitawa, ya kuma nuna wa mai ƙera na'ura babin da take da rauni. Amma yana da aibu biyu da ba za a rufe ido a kansu ba.

Na farko, su wa suka tabbatar da amsoshin? A jarrabawar STS, na'urori mafiya ƙarfi na zamanin ne aka bari suka yi dogon bincike. Ke nan ɗalibi ne ya gyara takardar malami. Sabuwar na'urar da ta hango abin da ya ɓuya wa tsofaffi za ta rasa maki saboda ta fi su gani. Na biyu, jarrabawar tana karɓar taku, ba ta tambayar dalili. Na'urar da ta dace da amsa ta hanyar tsananin lissafi da wadda ta "fahimci" fagen, makinsu ɗaya.

Tarihi ya gaskata wannan shakka. A watan Mayu na 1997 a Niyok, cikin wasa na biyu, Deep Blue ta ƙi kwaɗayin cin soja, ta yi wani taku na toshe hanya, har Garry Kasparov ya yi zargin akwai hannun mutum a ciki. Daga ƙarshe ya sha kashi da 3½ da 2½. A 2017 AlphaZero, wadda ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta, ta buga wasa 100 da Stockfish: ta ci 28, aka yi canjaras 72. Ta riƙa sadaukar da sojoji don samun sarari, irin takun da na'urorin da suka gabace ta ba su cika zaɓa ba. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: alƙalin takun shimfiɗa shi ne ƙarshen wasa.

Wannan ba baƙon zance ba ne ga ƴan dara na Galma Kudawace da sauran garuruwan Madawa, Buza da Kaita. Dara tana da gurbi 30, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Lokacin zuba ƴaƴa ba a ci. Sai an gama zubi ake fara turawa don jera uku. Wato rabin wasan kacokan shimfiɗa ne, kuma a nan ake gane gwani. Dattijon da ya ajiye kara a gurbin da ƴan kallo suka raina ya san abin da ya shuka, ya kuma iya faɗar dalili in an tambaye shi. Wannan dalilin shi ne abin da jarrabawar na'ura ba ta kamawa.

Kada mu ɗauka wasanninmu sun fi ƙarfin kwamfuta. A 2002 John Romein da Henri Bal, a Amstadam, sun warware wasan awale ta lissafi, suka nuna canjaras ake yi in kowa ya yi daidai. Na'ura za ta iya gaya mana takun da ya fi. Ba za ta adana mana harshen da dattawa ke bayyana shi ba, da habaici da karin maganar bakin fage.

Saboda haka akwai aiki gaban ƙungiyoyin al'adu: su rubuta wasannin gwanaye taku bayan taku, tare da bayaninsu da bakinsu, tun suna raye. Malaman makaranta kuwa, su duba nasu mudun: yaron da ya kawo amsa daidai bai kammala ba sai ya faɗi yadda ya isa gare ta. In muka bar dalili ya bi masu shi kabari, to dara ta ci gida.