Montessori a Ƙofa, Tsumagiya a Aji

Mai karatu, in ka biyo titin da ya tashi daga Funtua ya ratsa Bakori ya faɗa Malumfashi, ɗan sassauta tafiya ka dubi allunan da ake kafewa a ƙofar makarantun kuɗi. A jikin wasunsu za ka ga an rangaɗa kalmar Montessori da jan fenti. Na tambayi wani maƙwabcina da ya sa 'ya'yansa biyu a irin wannan makaranta ko ya san ma'anarta. Ya ce shi dai an ce masa can ne yaro ke kama Turanci da wuri.

Ni ma da ban tsoma baki ba, sai ran nan uwar jikata ta kwanta zazzaɓi, aka ce in je in ɗauko yarinyar. Shekararta huɗu. Na isa ba a tashi ba, sai na tsaya bakin taga. Yara sun fi arba'in, an jera su bisa benci, ƙafafunsu na lilo ba su kai ƙasa ba. Malama na gaba da tsumagiya, ta faɗa su amsa, ta faɗa su amsa, wai waƙar Turanci ce a kan dusar ƙanƙara, alhali muna tsakiyar bazara, kwanon rufi sai ƙara yake don zafi. Da muka koma gida na buɗe jakarta, na tarar an ba ta aikin gida ta rubuta 1 zuwa 100. Daga baya na gano uwar ce ke rubuta mata da hannun hagu, don ya yi kama da rubutun yaro. Allah Sarki!

To wace ce Montessorin? Sunanta Maria, likita ce 'yar ƙasar Italiya, an haife ta a 1870 ta rasu a 1952. A watan Janairu na 1907 ta buɗe wani ɗaki da aka kira Gidan Yara a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum. 'Ya'yan leburori ne, wajen hamsin, waɗanda iyaye ke fita nema su bar su suna gararamba. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawonsu, aka ajiye kayan aiki inda hannunsu zai kai. Yaro shi zai zaɓi abin da zai yi, ya yi ta maimaitawa har ya gaji don kansa. Suna shara, suna wanke hannu, suna koyon sa maɓalli. Haruffa kuwa da takarda mai kaushi aka yanka su, yaro ya bi da yatsa kafin ya riƙe fensir. Ɗan shekara uku na zaune da ɗan shekara shida. Ba duka, ba kyautar wanda ya zo na ɗaya. Aikin malama ta nuna, ta ja gefe ta sa ido.

Ka gwada wannan da abin da na gani ta taga. Sunan kawai aka ɗauko. A Amurka ma tun 1967 aka yanke cewa sunan ba mallakar kowa ba ne, saboda haka duk mai kuɗin fenti na iya rubuta shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. A ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi na tashi cikin gandu. Mu yi aikin gonar gida da safe, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Ban fi shekara goma ba mahaifina ya yanka mini 'yar tawa, ya ce in shuka abin da na ga dama. Na ce auduga, don na ga ita ke kawo kuɗi. Na cusa ta sosai, na kuma ƙi tsuge ta, wai don ta yi yawa. Yana wucewa yana gani, bai ce uffan ba. Sai ran awo, sikeli ya gaya mini gaskiya a gaban jama'a, ƙullina bai kai rabin na yayana ba. Har yau ban sake wannan kuskure ba, kuma ba wanda ya taɓa ni da ko tsinke. Ita ma likitar nan haka ta tsara kayanta, yadda in yaro ya kuskure kayan ne za su nuna masa, ba bakin malama ba.

Wa ya koya mana ƙera motar kara? Ka fere ɓawo, ka yanka totuwa, ka auna ƙafa huɗu su zo daidai, in ba su daidaita ba mota ta ƙi tafiya. 'Yan mata na tuwon ƙasa suna rabo, wannan na maigida, wannan na baƙo. Makarantar allo ma, kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke maka sai ka iya, ba kuma a tsare ka don wani bai iya ba. Sai dai can dorina na rataye, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Na san za a ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ka sakar wa yaro ya yi abin da ya so ka raini taƙadari. Da gaskiyar masu faɗa, in sakin na ko-in-kula ne. Amma mahaifina shi ya zaɓi wurin, shi ya ja iyaka, shi ya ba ni iri, idonsa kuma na kaina. Wannan ya fi riƙe tsumagiya wuya nesa ba kusa ba. Nan ne ma nake da tababa kan masu ɗokin tsarin. Yana son malama da aka horar, mai haƙuri, wadda albashinta ke isarta. Tun da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa da shirin UPE a 1976, na koyar a ajin da ko wurin taka ƙafa babu. Wanda ya ce in bar kowane yaro ya zaɓi aikinsa a irin wannan aji, to bai taɓa riƙe alli ba.

Sai dai makarantar kuɗi ba ta da wannan uzuri. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a koyar da 'yan ƙasa da firamare ta hanyar wasa, da harshen gidansu. Mai makaranta ya sani sarai. Amma ya san wa ke biyansa. Mu iyaye mu ke son ranar bikin ƙarshen shekara a ɗora ɗanmu bisa tebur ya zubo Turancin da bai san kansa ba, mu yi ta tafi. Uban da aka ce masa ɗansa ya yini yana zuba gero daga kwano zuwa kwano, gobe zai cire shi.

Shekaranjiya na samo wa yarinyar nan kara, na fere mata ɗaya ta gani, na koma tabarmata. Ta fi sa'a guda tana fama, tana son ta yi gado mai ƙafa huɗu, ƙafa ɗaya na gajarce mata. Ta karya ta sake har sau uku, ko kallona ba ta yi ba. Tana cikin na huɗu ubanta ya shigo, ya ce, "Baba, ai sai ta ɓata kayanta, ga shi ba ta yi aikin gida ba." Ya kwashe karan ya kai bakin murhu.