Jinjina ga Ma'aikatan Bonga

Masu haƙo mai a tsakiyar teku sun cancanci jinjina. A filin mai na Bonga, kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta, sukan yi makonni a jirgi nesa da iyalansu, suna janyo ɗanyen mai daga ƙarƙashin ruwa mai zurfin sama da mita 1,000. Tun 2005 suke wannan aiki, kuma a 2023 suka cika ganga biliyan ɗaya. Wani zai tuna malalar man Disambar 2011 da wuyar da masunta suka sha, kuma gaskiyarsa. Amma wannan ma ya nuna tsadar kuskure ɗaya a wurin, kuma injiniyoyi, masu nutso da masu walda ne ke tsare filin dare da rana. Kasafin kuɗin Najeriya na cin guminsu, don haka a kula da lafiyarsu da haƙƙinsu.